Ranar da Na Kai Masallaci Wajen Takalma

Tsufa ya soma karɓe mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya: sunayen wasu ɗalibaina na dā, inda na ajiye carbi, wani lokaci har abin da na shigo ɗaki nema. Amma akwai wata Asabar ta lokacin sanyi a Birmingham wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko da na so in manta, akwai mutane a garuruwa biyu na ƙasar Ingila da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini, kuma ba sa gajiya.

Ni mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a zaure a Kano, ina karantar da fiƙihu da nahawu, ina rubuta Alƙur'ani da hannuna. Ciwon gwiwa da yanar ido ne suka kawo ni Manchester, wajen ɗana Kabiru, wanda ke aiki a asibiti yana zaune da iyalinsa a Moss Side. Gwiwa dai har yau tana nan da halinta, amma idon an yi masa aiki, ya washe tas. (Na ambaci wannan ne tun da wuri, domin kada wani mai tausayi ya nema mini uzuri da cewa ban gani da kyau ba. Na gani da kyau ƙwarai. Abin da ya ƙara munin lamarin ke nan.)

Kabiru yana da ɗa, Sadik, wanda aka haifa a nan. Hausarsa kamar rigar da aka yi wa faci da yadin Turanci ce, amma yaro ne mai salla, mai ladabi idan ya ga dama, kuma shi ne ke kawo mini shayi kowace safiya ya zauna muna tsokanar juna. Shi ne ya ga wata yarinya a jami'a, Sumayya, ya ce in ba ita ba sai dai ya zauna haka. Iyayenta Musulmi ne, asalinsu daga Gujarat, wata jiha a yammacin Indiya, suna zaune a Balsall Heath a Birmingham. Da aka ce za a je gaisuwa ta neman aure, aka ce ni ne babba, ni zan yi magana.

Da na ji sunan Gujarat sai na gyara zama. Na shaida wa Sadik cewa na san wannan ƙasa tun kafin a haifi ubansa: ƙasa ce da ta fitar da malaman hadisi, kuma daga tashar jiragen ruwanta ta Surat alhazan Hindu suke tashi zuwa Makka a zamanin dā. Duk a littafi na sani. Ban taɓa ganin ko hoton bangon gida ɗaya na ƙasar ba, amma a lokacin ban ɗauki wannan a matsayin giɓi ba.

Da safen ranar, Sadik yana ɗaura mini igiyar takalmin sanyi, sai ya ɗago ya ce, "Kaka, don Allah abu ɗaya nake roƙo. No lecture."

"Kai za ka koya mini neman aure? Ni na nema wa ubanka. Na nema wa rabin unguwarmu."

"Wannan a Kano ne. Mutanen nan already suna da wani cousin a Leicester da suke so su ba shi ita. Babanta yana tsakiya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dadi ce za ta yanke, kakarta, maman babanta. In yau ta ɓaci, shi ke nan, I'm finished."

"In ka ci gaba da yi mini wannan surutu, ni zan aure ta in bar ka da kallo. Ka ga gemu, ka ga rawani. Kai me kake da shi, wandon da bai kai idon sawu ba?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Yaron yana cikin tsoro na gaske, sai na yi masa alƙawari ba zan yi wa kowa wa'azi ba.

Muka kama hanya, Kabiru na tuƙi. Cunkoson motoci ya riƙe mu a babbar hanya har rana ta karkata, kuma wanda ya san hunturun ƙasar nan ya san Azahar ba ta daɗewa, kana juyawa La'asar ta shigo. Muka tsaya a wata tashar hutawa, su biyu suka yi alwala suka yi salla a wani lungu. Ni kuwa da na ga alwalar sai an ɗaga ƙafa an sa cikin kwamin wanke hannu, a gaban Turawa masu shiga da fita, da wannan gwiwa tawa, na ce ba da ni ba. Kabiru ya ce, "Baba, ai kai matafiyi ne, kana iya haɗawa in mun isa." Na ce masa babin haɗa salla da ƙasaru na karantar da shi tun yana rarrafe, ya ja motarsa kawai.

Muka isa wani jerin gidaje masu jan bulo, duk kamarsu ɗaya. Mahaifin yarinyar, Alhaji Isma'ilu, ya tarbe mu a ƙofa: gajeren mutum mai fara'a, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Tare da shi akwai ƙaninsa, Maulana Yusufu, malami ne da ya yi karatu mai zurfi, kuma yana jin Larabci. Muka gaisa da shi da Larabci, kowa yana auna ƙarshen kalmomin ɗan'uwansa. Na same shi bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Na ce ina da salla a kaina. Nan da nan aka kai ni na yi alwala, aka buɗe mini ɗakin baƙi na gaba, Alhaji ya shimfiɗa mini darduma da hannunsa, ya nuna mini alƙibla, ya ja ƙofa ya bar ni.

Na daidaita tsayuwa, na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai idona ya sauka a kan abin da ke gabana.

A kan wata kanta, daidai saitin alƙibla, akwai wani ɗan gini na katako, faɗinsa kamar babban faranti. Gabansa ƙofofi ne masu baka, jikinsa duk sassaƙa, furanni da ganye da layuka masu hawa kan juna, ba wurin da aka bari fili. Ta cikin ƙofofin ana hango ginshiƙai birjik kamar kurmi, samansa kuma ƙananan ƙubbobi jere. Wata 'yar fitilar lantarki tana ci daga ciki. A gefensa turaren tsinke yana hayaƙi.

To, a kusa da gidanmu a Manchester akwai wani mai kanti Bahindu, mutumin kirki, inda nake sayen madara. A bayan kantarsa yana da ɗan ɗakin katako mai sassaƙa, da fitila, da turare, da gumakansa a ciki. Sai na tsaya a kan darduma, da alwalata, na yi ƙiyasi irin wanda na shekara ina koya wa ɗalibai. Sassaƙa ta zo ɗaya. Ginshiƙai sun zo ɗaya. Fitila ta zo ɗaya, turare ya zo ɗaya. Na nemi hasumiya ban gani ba, na nemi jinjirin wata ban gani ba. Hukunci ya fito da kansa: mutanen nan sun musulunta tun kakanni, amma wani abu na maƙwabtansu na can ya biyo su har Birmingham.

Gaskiya ne ban ga gunki ko ɗaya ba. Na ce a raina suna ciki, can bayan ginshiƙan. Kantar gajeriya ce, kuma ba za a ga cikin ba sai an sunkuya. A nan ne ilimina ya yi mini aikin da jahilci ba zai iya ba: na ce sunkuyawa a gaban wannan abu ta yi kama da ruku'u, kuma ni ba zan yi abin da ya yi kama da ruku'u ga ɗakin gumaka ba, ko da don bincike ne. Saboda haka ban leƙa ba. (Mai karatu ya riƙe wannan wuri. Ni ma na riƙe shi, har abada.)

Lokacin salla yana ƙurewa. Da na kira mai gida na tambaye shi, da magana ta ƙare a nan. Amma na ga kamar hakan zai kunyata shi a gaban baƙi, sai na zaɓi abin da na ɗauka shi ne hikima. Na zare wayar fitilar daga bango, na cire hiramina na lulluɓe ginin, na rungume shi. Nauyinsa ya fi yadda na zata. Na tura ƙofa da ƙafa, na fito siririn barandar da ke tsakanin ƙofar gida da matakala, na duba inda zan ajiye. Babu wuri sai kan katakon da ake jera takalma. Na matsar da wasu silifa, na ɗora shi. Ina ɗorawa sai na ji ƙas, wata 'yar ƙubba ta ɓalle ta gangaro ƙasa. A daidai lokacin na ji motsin mutum daga kicin. Ban san sa'ad da na sunkuya (wannan karon na iya sunkuyawa) na ɗauke ta na jefa a aljihun riga ba.

Na koma na yi sallata cikin natsuwa, ina jin kaina kamar wanda ya yi jihadi.

Daga nan aka kira ni ɗakin baya, inda aka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa. Shinkafa mai kayan ƙamshi, nama, wani abu rawaya mai laushi kamar waina, da kayan zaƙi da aka fara miƙo mini tun kafin abincin. Na ci kaɗan, zuciyata tana baranda. Da aka kwashe kwanuka na gyara murya, na taɓa ƙullin goro da alawar da muka zo da su, domin a wajenmu maganar neman aure gajeriya ce: mun gani, muna so, a ba mu. Amma Alhaji Isma'ilu ya riga ni. Ya ɗauko rimot, ya kunna wata talabijin mai faɗin ƙofa, ya ce ta bakin Sadik, wanda ke yi mini tafinta, ba zai yiwu mu haɗa zuri'a ba mu san inda suka fito ba.

Jama'a, na zo neman aure, aka sa ni a aji.

Ya nuna mana wata rijiya a garin Patan wadda ba a jan ruwanta da guga, sai dai a sauka cikinta ta matakala, hawa bayan hawa zuwa cikin ƙasa, wata sarauniya ce ta gina. Ya nuna ta daga sama, ya nuna ta daga ƙasa, ya nuna kansa a tsaye a bakinta da hular rana. Ya nuna zakunan dajin Gir, ya ce babu irinsu a duk nahiyar sai can. (Ni da na fito daga Afirka, zaki ake yi mini burga da shi.) Ya nuna wata hamada fara fat ta gishiri, da raƙumi an yi masa ado kamar amarya. Ya nuna wasu hasumiyoyi biyu da ya ce in an girgiza ɗaya ɗayar ma sai ta motsa. Ya nuna wata taga ta dutse a wani masallaci a Ahmadabad, an huda ta an fitar da siffar bishiya mai rassa kamar saƙa, ya juyo gare ni da murna ya ce wani Bahabashe ne ya gina masallacin, “ɗan'uwanku ne, Shaikh!” Na ce wa Sadik ya gaya masa tsakanin Habasha da Kano akwai tafiyar da ta isa a yi ƙasaru sau da yawa. Sadik ya ce masa wani abu gajere, Alhaji ya yi murmushin jin daɗi. Na gane yaron yana tace maganata.

Duk wannan lokaci abu ɗaya ke cin raina. Yaya zan karɓo wa jikana mata daga gidan da ake kunna wa ɗakin gumaka fitila, in yi shiru? In na yi shiru, me zan ce ranar da za a tambaye ni? Alƙawarin da na yi wa Sadik yana gefe guda, amanar ilimi tana gefe guda. Na auna, na ba amanar ilimi rinjaye, kamar yadda duk mai son yin magana yake samun dalilin yin ta.

Na ɗaga hannu. Alhaji ya dakata, yatsansa a kan rimot.

Na fara da Hausa, a tausashe: mun zo da alheri, mun ga karamci, amma nasiha wajibi ce tsakanin Musulmi. Sadik ya yi fari fat. Ya juya ya faɗi kalmomi kaɗan da Turanci, na tsinci kalmar abinci a ciki.

"Ba abin da na ce ke nan ba," na ce masa.

"Kaka, please. Ka yi mini alƙawari."

Kabiru ya matso ya raɗa mini, "Baba, a bar shi sai mun koma gida."

Sai na tuna ba na buƙatar tafinta. Na juya ga Maulana Yusufu na saki Larabci. Kuma wallahi ban taɓa tsara magana mai kyau irin ta ranar ba. Na yi hamdala, na yi salati. Na yabi ƙasarsu da malamanta na hadisi. Na yi bayanin yadda al'adar maƙwabta ke shiga gidan mutumin kirki a hankali ba tare da ya lura ba, na kawo misalai daga ƙasarmu domin kada su ji na ware su. Sannan na ce na ga ɗan ɗakin bautar da ke ɗakin baƙi, na san ba da mugun nufi aka ajiye shi ba, kuma don in sauƙaƙa musu, na riga na kawar da shi da hannuna.

Maulana ya dube ni. Ya ce, da Larabci mai tsabta, "Ya Shaikh, wane ɗakin bauta?"

Alhaji Isma'ilu bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ga dai na yi shiru, ya ɗauka na gama yabon hotunansa ne, sai ya danna rimot.

Ginin ya cika talabijin. Ƙofofi masu baka, sassaƙar furanni, ginshiƙai kamar kurmi, ƙubbobi jere, babu hasumiya. Shi ne, ba ko tantama, sai dai wannan na dutse ne, kuma a farfajiyarsa akwai sahu bayan sahu na mutane cikin fararen kaya, sun yi sujada.

"Babban masallacin Juma'a na Ahmadabad," Sadik ya fassara, muryarsa kamar daga rami. "Ya ce irinsa ne babansa ya sassaƙa, wanda ka gani a front room."

Sai wata murya ta tsohuwa ta tashi daga baranda, da yarensu, da ƙarfin da ban zaci tsohuwa na da shi ba. Kowa ya miƙe.

Muka tarar da Dadi, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin mayafi, tsaye a gaban katakon takalma, hiramina a hannunta. Ga masallaci nan zaune tsakanin silifa da takalman ruwa. Sumayya tana bayanta a kan matakala, ta rufe baki da hannu biyu.

Maulana ne ya yi mini bayani, a hankali, kamar yadda ake yi wa ɗalibi mai rauni. Mahaifinsu, mijin Dadi, a wannan masallaci ya tashi yana bin ubansa Juma'a. Ya zo Ingila ya yi aikin masana'anta, bai sake komawa ba. Shekara da shekaru, duk ranar hutu, yana zaune da 'yar wuƙa yana fitar da masallacin daga ƙwaƙwalwarsa, har ya rasu. Masassaƙan ƙasarsu da salon ƙasarsu suka gina masallatansu, shi ya sa suka yi kama da sauran gine-ginen can. Hasumiyoyin kuwa girgizar ƙasa ce ta kayar da su tun zamanin da ya wuce, tsohon ya sassaƙa abin da ya sani. Fitilar don a ga ciki ne. Turaren kuma, ya ce, saboda ku aka kunna, an soya albasa tun safe.

"Da ka sunkuya ka leƙa, ya Shaikh," ya ce. "Bismillah, leƙa."

Na sunkuya, gwiwoyina suka yi ƙara kowa ya ji. Can cikin ginshiƙan ga mihrabi, ga mumbari da 'yan matakalansa, an yi su da ƙauna irin wadda ban taɓa gani a katako ba. A saman mihrabin akwai ɗan fili a shafe, ba a rubuta komai ba.

Da abin ya tsaya nan, da na ce Allah ya rufa asiri. Amma Dadi ta sa yatsa tana bin ƙubbobin ɗaya bayan ɗaya, ta zo wani wuri ta tsaya. Ta yi magana. Nan take kowa ya duƙa nema. Kabiru, babban ma'aikacin asibiti, yana ɗaga takalman mutane yana zazzagewa. Alhaji ya kunna fitilar wayarsa yana haska ƙarƙashin matakala. Sadik yana rarrafe. Ni kuwa ina tsaye, hannuna dafe da aljihu, ina bin babukan fiƙihu a kaina ko akwai wanda zai karɓe ni. Ba tsintuwa ba ce, domin na san mai ita. Ba ajiya ba ce, domin ba wanda ya ba ni. Babin da ya rage ban so sunansa ba.

Na sa hannu na fito da abin da ke ciki gaba ɗaya: ɓarin goro, asuwaki, da ƙubbar masallacin Juma'a na Ahmadabad.

Dadi ta miƙo tafin hannu, na ɗora mata. Ta dubi ƙubbar, ta dube ni tun daga rawani har ƙafa, ta juya ta hau sama. Goro da alawa suka dawo Manchester tare da mu, ba a buɗe su ba.

Muka shiga mota, muka yi nisa. Sadik ya ce, bai ko juyo ba, "Abu ɗaya na roƙe ka, Kaka." Bai ƙara ba. Da ya yi mini tsiwa da na sami abin kamawa. Washegari ba shi ya kawo mini shayi ba, uwarsa ce. Jibi ma haka. Yana gaishe ni da ladabi cikakke, irin wanda ake yi wa baƙo, kuma a duniya ba abin da ya kai wannan ciwo a wajen kaka. Daga Birmingham kuwa ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Aka ce dai mutanen Leicester sun kai ziyara.

Na yi ta juya abin har na tuna ɗan filin nan da ke saman mihrabi. Na sa Kabiru ya kira mini Maulana. Na ba shi haƙuri da Larabcin da babu ado a cikinsa, na tambaye shi dalilin filin. Ya ce mahaifinsu ya so ya sa aya a wurin, amma ba shi da hannun rubutu, ya ji tsoron ya yi kuskure a maganar Allah, ya bar shi haka. Na ce sassaƙa ba aikina ba ce, amma rubutu aikina ne, in Dadi za ta yarda.

Ta ce in zo. Ba ta ce ta haƙura ba.

Na ɗauki gafakata da alƙaluma da tawada, na hau bas ni kaɗai zuwa Birmingham. Aka zaunar da ni a teburin kicin, masallacin a gabana. Dadi ta turo mini gam da ƙubbar tukuna, ta zauna ta harɗe hannu tana kallo har na manna ta, ta sa na cire na sake saboda ta karkace. Sannan aka zo maganar ayar da za a rubuta. Maulana, ba ko murmushi, ya ba da shawarar ayar nan da ke gargaɗin masu ƙoƙarin rushe masallatai. Na ce masa filin ba zai ɗauka ba. Muka daidaita a kan wata gajeriya.

Takardar ba ta fi faɗin yatsa ba. Na fere alƙalami har ya zama kamar allura, na ɓata takardu da dama, gumi yana keto mini a tsakiyar hunturu. A ƙarshe ta fito, da hannunmu na Kano, baƙi mai kauri, wasulla da ja, da 'yar zayyana a gefe. Sumayya ta ɗauke ta da matsefata ta manna a saman mihrabi, ta kunna fitilar.

Dadi ta sunkuya ta leƙa. Ta daɗe. Ta ɗago ta yi wa Maulana wata tambaya, ya amsa, ta sake leƙawa, sannan ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce," in ji Maulana, "wannan rubutu baƙo ne a idonta. Bai yi kama da na Alƙur'aninta ba ko kaɗan, har ta yi shakkar ko Larabci ne. Shi ya sa ta tambaye ni, na ce mata haka mutanenku ke rubuta shi, kuma daidai yake." Ya ƙara da cewa, "Ta ce in tabbatar na gaya maka cewa ita tambaya ta yi."

Na ce a gaya mata na ji, kuma ya shiga.

Ta miƙe, ta zuba shayi mai madara da citta ta ajiye a gabana da hannunta. Tana fita ta faɗi wata magana a taƙaice, Sumayya ta sunkuyar da kai ta gudu sama. Maulana ya ce, "Ta ce a dawo da goron."

Ina cikin hamdala sai ga Alhaji Isma'ilu a bakin ƙofa da rimot a hannu. Ya ce ranar nan an katse mu a tsakiya, saura garin Champaner da masallatansa, da fadojin sarakuna, da bakin teku. Na zauna na kalle su duka. A kan kowane gini sai ya tsayar da hoton ya tambaye ni, masallaci ne ko ba masallaci ba? Na ce ban sani ba. Na faɗi wannan kalma a yammacin nan fiye da yadda na faɗe ta a duk shekarun karantarwata.

An ɗaura aure a Balsall Heath, ni na karɓa wa Sadik. Shayina na safe ya dawo, tare da tsiwar mai kawo shi. Amma har yau in na shiga gidan surukan nan, sai wani ya ɗaga murya ya ce a riƙe masallaci, Shaikh ya iso. Labarin ya zaga har wajen ɗaliban Arewa da ke karatu a Manchester, waɗanda a dā suke zuwa mini da tambayoyin fiƙihu da kai a ƙasa, yanzu kuwa sai in ga kafaɗunsu na rawa. Alhaji kuma ya rantse sai ya kai ni Ahmadabad na yi Juma'a a cikin na gaskiyan, wai yana so ya ga ko shi ma zan iya ɗaga shi.

Har yanzu ina da ra'ayin cewa bai kamata a kunna turare kusa da abu mai ginshiƙai a saitin alƙiblar baƙo ba tare da an yi masa bayani ba. Na faɗa wa Sadik haka, ya ce in je in faɗa wa Dadi. Ban je ba.

Abin da na ɗauka dai shi ne wannan. Na ƙi sunkuyawa sau ɗaya don kada in yi abin da ya yi kama da ruku'u, sai ga shi na yi ta sunkuyawa a gidan nan, gaban takalma, gaban gam, gaban tsohuwa, har gwiwata ta kumbura. Yanzu duk abin da na gani ban gane ba, kafin in buɗe baki, nakan dafa bango in leƙa cikinsa tukuna. Gwiwar tana ƙara, amma ƙararta ba ta kai Birmingham.